Kai ƙara wurin 'yan sanda a Sakkwato: abin da aka tattauna

'Yan uwa, ga shi a taƙaice:

1. Baki ya zo ɗaya: wanda aka sassara ko aka yi wa fyaɗe, asibiti tukuna, a adana takardar likita.
2. Beli kyauta ne, amma da yawa sun ce sai da suka ba da kuɗin mai. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, duk da haka wasu sun ce an yi musu. Wannan ya ci mini rai.
3. Kar ka dangwala wa bayanin da ba a karanta maka ba.
4. An rabu kan yadda za a kai rahoton 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni: wasu sun ce a sanar da jami'an tsaro, wasu na tsoron masu kai wa 'yan bindiga tsegumi, sun gwammace a bi ta hannun hakimi.