Likita ya ce a yi wa jaririna hoton kai, surukata ta ce ba a taɓa maɗiga

Maman Sultan, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Ɗana bakwaini ne, sai da ya kwanta a kwalba kafin a sallame mu, yanzu watansa uku. Da muka je rigakafi nas ta zagaya masa tef a ka, ta duba kati, ta sake aunawa, sai ta tura mu wurin likita. Shi kuma ya ce kan yana girma fiye da ƙima, ya rubuta mana sikanin na kai, wai a maɗiga za a ɗora na'urar. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce sam, maɗiga ba wurin wasa ba ce, kuma babban kai gadon gidansu ne, haka baban yaron ya taso. Maigidan ya rasa bayan wa zai bi. Ni kuma ina tsoron kar hasken na'urar ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ina kuma tsoron mu zauna abu ya yi nisa.

Ummu Ilham:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar uwa, irin wanda aka yi miki ne lokacin awo. An yi wa tawa. A cinyata na riƙe ta, aka shafa mata wani mai mai sanyi a tsakar ka, ta ɗan yamutsa fuska, na ba ta nono ta yi shiru. Ko aski ba a yi mata ba.

Anti Binta, ma'aikaciyar jinya:
Maman Sultan, babu haske a cikin wannan na'urar ko kaɗan. Da sauti take aiki, sautin da kunne ba ya ji, ya shiga ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Mai hasken da ake gudu shi ne hoton ƙashi da siti sikan. Dalilin ɗora ta a maɗiga kuwa, sauti ba ya ratsa ƙashin kai sosai, maɗiga ce babban wurin da ƙashin bai haɗe ba. Tana rufewa galibi tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, daga nan wannan hanyar mai sauƙi ta wuce. Kuma ba fata ce kawai a wurin ba, akwai tantani mai ƙwari a ƙarƙashinta, ɗora na'ura a hankali ba ya yi mata komai.

Abin da likitan ke nema: a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ɗakuna da ruwa ke gudana. Jariran da aka haifa kafin sati 32, ko waɗanda ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, jijiyoyin jinin wurin ba su yi ƙwari ba, sukan tsiyayar da jini a kwanakin farko. Yawanci jinin yakan washe da kansa. Wani lokacin kuma ya toshe hanyar ruwan, ruwa ya taru, kai ya yi ta kumbura. Sanƙarau ma na jawo haka. Hoton zai nuna ko ɗakunan sun buɗe fiye da yadda ya kamata, cikin minti 15 zuwa 30 an gama.

Maganar Hajiya ba shirme ba ce, akwai babban kai na gado, wani likitan har kan uban yakan auna. Amma ido ba ya rabe na gado da na ruwa, balle ga bakwaini. In kika ga maɗigar ta tasa ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ko yana amai da ƙarfi, ko baƙin idonsa na sauka ƙasa farin ya fito ta sama, ko jijjiga, ko ya ƙi kama nono yana ta barci, kar ki jira ranar da aka ba ku. Ki wuce sashen gaggawa na yara ko da tsakar dare ne.

Hajiya Ladidi:
Ni dai da ni ce MRI, hoton nan na babbar na'urar maganaɗisu, zan yi masa kai tsaye a asibitin kuɗi, a yi ta ta ƙare.

Anti Binta:
Hajjaju, MRI ya fi fito da komai, gaskiya ne, amma yana da tsada, kuma sai yaro ya kwanta ba motsi, har akan ba wasu maganin barci. Da sikanin ake fara wa mai wata uku. In ya nuna wani abu likita da kansa zai tura su.

Baban Walid, Kurna:
'Yar uwa, kar ki ja da Hajiya, ba za ki ci riba ba. Maigidan ne zai je ya same ta shi kaɗai bayan isha'i, ya ce mata yana so ta raka ku don idonta ya gani. Tsofaffinmu abin da aka yi a bayansu ne ke ɓata musu rai. In ta ga ba allura ba yanka, da bakinta za ta ba maƙwabta labari.

Maman Twins:
Allah ya ba shi lafiya. Ni ɗana sikila ne, shekararsa 6, duk shekara ana yi masa na kai a asibitin Murtala, amma a gefen kai kusa da kunne ake ɗorawa. Shi ne wannan ɗin?

Anti Binta:
Dangi ne amma ba ɗaya ba ne. Naku TCD ne, gudun jini yake aunawa a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta gefen kai inda ƙashin ba shi da kauri. Ana yi wa masu sikila daga shekara 2 zuwa 16. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai a ɗora shi a kan ƙarin jini a kai a kai ko maganin haidiroksiyuriya. A nan Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, aka yi binciken da ya nuna amfanin maganin ga yaranmu. Kar ki bari shekara ta zagayo ba a yi masa ba, ko da kin gan shi garau.

Maman Sultan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Walid, an bi shawararka, Hajiya ta yarda, sharaɗinta ita za ta riƙe shi. Anti Binta, sai an hana shi nono kafin a yi? Kuma in an ga ruwan shi ke nan sai tiyata?

Anti Binta:
A'a, ki shayar da shi ya ƙoshi, ya fi kwanciya. Ki tafi da katin rigakafi da takardar sallama ta kwalba, kuma a goge duk abin da aka shafa masa a maɗiga. Ba kowane ruwa ake yi wa aiki ba, wani sa ido ake yi ana maimaita awo da hoto. Wanda ke ƙaruwa ne likitocin ƙwaƙwalwa ke sa wa siririyar roba ta ƙarƙashin fata tana kwashe ruwan daga kai zuwa cikin yaron. Takardar sakamakon kuma ki mayar wa likitan da ya turo ku, shi ke da awon kan na baya da zai gwada da ita.