Yaushe ya dace a shigo da uwar miji zaman sulhu?

Assalamu alaikum malamai da masu aikin sulhunta ma'aurata. Ina neman shawara kan wasu ma'aurata a Rigasa, Kaduna, shekararsu 6 da aure, suna zaune gida ɗaya da mahaifiyar mijin.

An yi zama 5, kowanne minti 50. Na farko tare, na biyu kowa shi kaɗai, don a tabbatar babu duka ko barazana, kuma babu. Matsalar ita ce matar na bi da ƙorafi, mijin na ja da baya ya yi gum, shirunsa kuma na ƙara tunzura ta. Aka sa su karɓa-karɓa: ɗaya ya yi magana minti 5, ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya amsa, in rai ya ɓaci a tsaya minti 20. A wurin zaman sulhun abin na tafiya lafiya lau.

A gida ne yake rushewa. Da Hajiya, wato mahaifiyar mijin, ta ji muryar surukarta ta ɗaga, sai ta kira ɗanta gefe, hutun minti 20 ɗin ya koma kwana biyu ba magana. Shi kuwa ba zai iya musa wa mahaifiyarsa ba, ban ma ga laifinsa sosai ba.

Shin a gayyaci Hajiya, alhali surukarta ba za ta iya buɗe baki gabanta ba? Ko a bi aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, a kawo hakami, wato mai sasantawa, daga kowane ɓangare? Matsalar nan, wanda dangin mijin za su turo ƙanin Hajiya ne.