Shawarwarin da aka ba ƙanenmu mai masta a fada

Yaron nan yana masta 2 a ilimin halittu a Jami'ar Abdou Moumouni, amma kafin nan ya koyar a CEG, wato ƙaramar sakandare, yana ɗan kwantiragi, ya yi sitaj a labo, har kabu-kabu ya ja lokacin vakansi, shi ne yake tambaya ko ya ɓoye wasu a CV.

Yawanci sun ce kada ya ɓoye koyarwa, wanda ya iya tsayar da aji cike da yara ya fahimtar da su tantanin halitta to zai iya tsayuwa gaban juri ranar sutnans, wato ranar kare kundin bincikensa. Sitaj kuma ya rubuta abin da hannunsa ya yi dalla-dalla, shafa jini a gilashi, rina shi da ruwan rinin da ake kira Giemsa, neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, ba wai "na yi aiki a labo" kawai ba. Kabu-kabu dai an rabu biyu, ni ina ganin ya bari sai an tambaya.

Wani babban yayanmu ya ce ya zaɓi hanya tun yanzu, in lafiya ce ya nemi cibiyar binciken lafiya ta CERMES, in gero da dawa ne ga cibiyoyin binciken noma, INRAN da kuma ICRISAT a Sadore, kuma ya dage da Turancin Ingilishi don mafi yawan takardun bincike da shi ake rubuta su.