Dakatarwa, rataya ko gammo? Neman sunan "suspension" da Hausa

1/
Jama'a, wata kalma ce ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma da taimakonku muka kai ƙarshenta, shi ya sa zan jero yadda aka yi. Ƙanena zai buɗe ɗan shago a Kaduna. Yana haɗa wasu ƙananan kayan gyaran tsofaffin motoci da hannunsa, galibi na Fijo 504 da 404, sai Basuwaja mai ƙirar kunkuru idan an kawo samfur. Ya ce in rubuta masa abin da za a sa a allon shago da shafinsa na Facebook, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Ina fara rubutu na cije a kalma ɗaya: suspension.

2/
Na fara da hanyar ragwaye, na jefa ta a wata manhajar fassara. Ta ba ni "dakatarwa". Wato allon zai ce: ana sayar da kayan dakatar da tsofaffin motoci. Da na karanta masa sai da ya riƙe ciki. Ya ce, "Yaya, ai sai a ɗauka shingen 'yan kamen mota na buɗe." Manhajar ba ƙarya ta yi ba, kalmar tana da wannan ma'ana idan ma'aikaci ko ɗalibi aka kora na ɗan lokaci. Amma ba ruwan mota da wannan. Sai na kawo muku tambayar: yaya za mu kira suspension na mota da Hausa?

3/
Kafin a raɗa wa abu suna, a ga fuskarsa tukuna. Abin da ake nufi shi ne duk tarkacen da ke tsakanin tayoyi da jikin mota. Akwai sifirin da ke ɗauke da nauyi. Akwai shokozoba, mai kashe tsallen mota. Akwai hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya a mazauninta, suna barinta ta hau ta sauka ba tare da ta kauce ba. Sai robobin da ke zaune a kowace mahaɗa. Aikinsu gaba ɗaya biyu ne: kada kowane rami ya daki ƙashin bayan fasinja, kuma kada taya ta rabu da ƙasa, don tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

4/
Shawarar farko da ta shigo ita ce "rataya", ko "maratayin mota". Wanda ya kawo ta ya yi karatun ta natsu, don asalin kalmar ke nan. A tsofaffin kekunan dawaki na Turai, akwatin da mutane ke zama a ciki rataye shi ake yi da manyan igiyoyin fata, ya riƙa lilo. Sunan ya biyo mota daga can. Sai dai motar yau ba a rataye take ba, zaune take a kan sifirin. Kuma Bahaushe in ya ji rataya, riga a ƙusa yake tunawa, ko hukuncin kotu, Allah Ya kiyaye. Wani ma cewa ya yi zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka a raba ƙanena da wannan suna. Muka wuce.

5/
An kawo "katifar mota" da "matashin mota". Waɗannan na mai ɗinkin kujera ne.

6/
Sai wata baiwar Allah ta rubuto cewa ita ba ta san komai a mota ba, amma ta yi shekaru tana ɗebo ruwa da tulu tun tana yarinya, kuma abin da na bayyana gammo ne. Yana tsakanin kai da kaya, shi ke shan wuya don kai ya huta. Gaskiya na ji kalmar ta zauna mini. Gajeriya ce, tamu ce, kowa ya san ta daga Sakkwato har Damagaram. Na riga na rubuta "gammon mota" a takarda, har na fara yi wa ƙanena alfahari.

7/
Wani dattijo ne ya warware mini tufkar. Tsohon direban haya ne, ya ce ya yi shekaru da 504 doguwa tsakanin Kaduna da Jos. Jikansa ne ya rubuta masa, kuma ga abin da ya ce kusan kalma da kalma: "Ɗana, ka dubi mai ɗauke da tulu in za ta tsallake kwata. Gammo yana zaune abinsa, bai san an yi ba. Abin da ke hana ruwan zuba gwiwarta ce da ƙugunta. Gammo zaune yake, wannan abin da kake tambaya kuwa tafiya yake yi." Na karanta sau uku. Baba ya yi gaskiya. Gammo yana rage zafin kaya, amma ba ya hawa ba ya sauka, ba ya bin ƙasa.

8/
A nan ne makanikai suka shigo, kuma kusan bakinsu ɗaya. Suka ce su ba su taɓa rasa sunan ba, mu 'yan takarda ne muke nema. Ƙafa. "Ƙafar motar nan ta mutu." "Aikin ƙafa ne, ba na inji ba." "Je ka kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayo kayan ƙafa." Na juya na tambayi ƙanena, kai me kake cewa in kana magana da abokan aikinka? Ya ce kayan ƙafa mana. Na ce to me ya sa ka sa ni wahala? Ya ce shi ya ɗauka wannan maganar gareji ce, ba a rubuta ta a allo.

Wannan amsa tasa ta fi komai tsaya mini a rai. Mun saba ganin kalmar da ke bakin mai baƙin hannu ba ta isa hawa takarda ba, sai an ƙago wata mai dogon wuya da ba wanda zai furta. Alhali ƙafa ta fi kalmar Turancin faɗin gaskiya. Tana da gwiwa, tana lanƙwasa, tana ɗaukar nauyi, in ta gaji mota ta riƙa ɗingishi. Har ciwon nata iri ɗaya ne da na mutum: daga mahaɗa yake farawa.

9/
Wani malamin makaranta ya ja da wannan, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce ai taya ma ƙafa muke ce mata, shi ya sa muke cewa babur mai ƙafa uku, mota mai ƙafa huɗu. Ya ƙara da cewa makanikai suna cusa tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, a cikin kayan ƙafa, alhali a littafi na sitiyari ne. Na yarda da duka biyun. Amma ban taɓa jin wanda ya je neman kayan ƙafa aka miƙo masa taya ba. Taya tana da mai sayar da ita, tana da mai facinta. Batun tayarod kuma, duk wanda ya kwanta a ƙarƙashin mota ya san a wuri ɗaya suke, rami ɗaya ke kashe su. In malami yana son ya tsaga gashi a aji, sai ya ce kayan ƙafa da kayan sitiyari, ya ja layi a inda littafinsa ya ja.

10/
Shokozoba fa? An kawo "mashayin girgiza" da "mai shanye duka". Na so in karɓa, sai ƙanena ya ce sunan Turancin kansa ba daidai yake ba, kada mu fassaro kuskure. Sifirin ne ke karɓar dukan rami. Matsalarsa ita ce in ya karɓa sai ya mayar, mota ta yi ta tsalle. Shokozoba bututu ne mai mai a ciki, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da mota ta yi, sai man ya matsu ta waɗannan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya mutu. Shi ya sa ake gwada shi da danna gefen mota a saki: in ta tashi ta zauna, lafiya, in ta ci gaba da rawa, ya gama aiki. In za a ba shi sunan Hausa na gaskiya, makashin lilo ne. Na ajiye wannan don bayani ga mai koyo. A allo kuwa shokozoba zai zauna, don ya riga ya zama ɗan gari kamar birki da giya. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ce su nasu daga Faransanci suka aro, amma in an ce ƙafa sun gane.

11/
Sifirin ma mun bar shi da sunansa, sai dai a bambanta iri. Naɗaɗɗen sifirin, irin na 504 ƙarama. Sifirin falle-falle, irin na tsohuwar Landuroba da bayan 504 a-kori-kura, wanda in ya karye maƙera ke rububinsa don wuƙa da fartanya. Basuwaja kunkuru ta asali ba ta da ko ɗaya a cikin biyun, sandunan ƙarfe ne a kwance da ke murɗewa su warware, sai muka ce sandar murɗi. Wani ya tuno mana Citroën DS da ta fito a Faransa a 1955, wadda a maimakon sifirin ƙarfe aka ba ta ƙwallaye masu iskar gas da mai. Kun ga inda ƙafa ta yi rana: ko da me aka yi ta, sunan yana nan daram.

12/
Yanzu ga inda labarin ya juya. Na je wurin ƙanena in ga ainihin abin da zai sayar, don har lokacin ban gani da idona ba. Ya zaro wata tsohuwar roba daga hannun ƙafar gaba na wata 504, ta tsattsage kamar kaushin diddige a hunturu. Ya ajiye sabuwa kusa da ita, wadda ya yi da kansa. Da can yankan tayar tirela yake yi, yana tsoma wuƙa a ruwa don ta yi santsi, kamar yadda masu wannan sana'a suka daɗe suna yi. Yanzu ya sa an gyara masa mazubin ƙarfe a kasuwar Panteka, yana haɗa ruwan sinadari iri biyu na foliyuretan, wata irin roba, ya zuba, ya bar shi ya daskare, sannan ya sa bututun ƙarfe a tsakiya.

Na ɗauki abin na juya shi a tafin hannuna. Zobe ne mai kauri, da rami a tsakiya. Yana zama tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ba ya zuwa ko'ina. Shi ke shan matsi don kada manya su ci juna.

Na ce masa, wannan fa? Ya ce bushin. Na ce a'a, wannan shi ne gammon.

13/
Ashe baiwar Allah ba ta yi kuskure ba, mu ne muka ɗora gammon a kan da ba nasa ba. Har siffar ɗaya ce. Kuma kalmar ta zo da jam'inta a shirye, gammaye, ga shi tana karɓar bayani cikin sauƙi: gammon hannun ƙasa, gammon shokozoba, gammon idon sifirin. Ƙanena ma ya samu hanyar yi wa masu saye gargaɗin da ya daɗe yana fama da shi. Gammon roba na asali manne yake da ƙarfensa, murɗewa yake yi, don haka ba a ɗaure noti sai an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana kan jak, a murɗe zai kwana ya tashi har ya yage. Na foliyuretan kuma ya fi tauri, kuma yana son giris, in ba haka ba ya yi ta kuka kamar tsohon ƙyaure.

14/
Ga masu tambayar ko yana yin boljoyin, wato mahaɗar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke riƙe taya, da sifirin: ba ya yi, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce ƙarfen sifirin da wuta aka horar da shi a masana'anta, in ka gasa shi ko ka yi masa walda ka kashe shi. Boljoyin kuma in ya tsinke a guje, taya ce ke kwanciya. Gammo in ya lalace ƙara zai yi ya ba ka sanarwa. A nan ya tsaya.

15/
Wasu sun ce wa zai sayi kayan motar da aka daina yi? 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson. A shekarar 1975 ɗin ce kamfanin Fijo (Peugeot) na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a nan Kaduna, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har bayan shekarar 2000, shekaru da dama bayan Turai ta bar ta. Abin da ya sa ta zauna mana kuwa ƙafar nan ce, doguwa mai laushi, da ke haɗiye gargada. Har yau akwai masu ita a ƙauyuka tana musu dako, akwai kuma masu ta mahaifinsu a lulluɓe a gareji suna son tayar da ita.

16/
Wannan ya kawo mu kalmar "classic", sunan da Turawa ke ba tsohuwar mota mai daraja, wadda ba mu ɓata mata lokaci ba. "Tsohuwar mota" tana iya zama akwala, kuma mai 404 da ya goge ta tana ƙyalli ba zai yafe maka ba. Baban nan direba ne ya sake ceto mu. Ya ce a rubuta tsohuwar zuma, duk mai irin motar zai gane da shi ake.

17/
Ga abin da muka kai wa mai fenti: "Kayan ƙafar mota, haɗin gida. Gammaye na Fijo 504, 404 da sauran tsohuwar zuma." Ƙanena ya dage a sa "bushin" da ƙananan haruffa a ƙarƙashin gammaye, ya ce sai kunne ya saba, kuma ban yi masa musu ba, shi zai biya kuɗin haya.

Jiya aka kawo allon. Mai fenti ya manta lanƙwasar ƙ, ya rubuta "kayan kafar mota", wato kayan huda ta ke nan. Yanzu haka ƙanena yana kan benci da ɗan buroshi yana sa mata ƙugiya.