Kamance ko tashbihi: da wanne zan yi wa mutanen Zongo bayani?

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. An gayyace ni rediyo a nan Kumasi in feɗe waƙa ranar Asabar. Ni makarantar allo da ta Islamiyya na yi, malaminmu, Allah Ya ji ƙansa, shi ya karantar da mu balaga, wato ilimin adon magana na Larabci, bayan Magariba, har mahaifiyata tana faɗa wai ina daɗewa a waje. Tashbihi (kamanta abu da wani), isti'ara (aron kalma), kinaya (faɗin abu a kaikaice), su na sani. Yanzu an turo min takarda cike da jigo, salo, kamance, siffantawa, mutuntarwa. Barci ya gagare ni. Wanne zan ɗauka?

Malam na Asawase: 'Yata, ki ɗauki na takardar. A Kano na yi karatu, kalmomin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara ke nan, su ake koyarwa a Jami'ar Bayero. In kin ce "kasuwar Kejetia kamar teku take", kamance ne, ga "kamar" a fili. In kin ce "Kejetia teku ce", siffantawa ne. In kasuwa ta yi kuka, mutuntarwa. Magana ta ƙare.

Ɗan Tafo: Malam, da girmamawa, "Kejetia teku ce" a balaga tashbihi ne baligi. Isti'ara sai an ɓoye kasuwar gaba ɗaya, a ce "na faɗa teku na sayo atamfa". Ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Malam na Asawase: Waƙar Hausa za ta feɗe, ba ƙasidar Larabci ba.

Hajiya Mamobi: Ku kuna ta wannan, ni jikokina a Accra ko karin magana ɗaya ba su iya ba. Na yi musu habaici, suka tambaye ni me nake nufi! Iyayensu ne suka sake su.

Ɗan Tafo: Ai Alhaji Umaru na Kete Krachi, da ya rasu a 1934, da Hausa da Larabci ya yi waƙoƙinsa. Masu saurarensa balaga suka sani.

'Yar Aboabo: Na gode Baba Malam, amma tsofaffin da ke kunna rediyo a masallatan Aboabo "tashbihi" suka saba ji. In na ce "siffantawa" za su ɗauka wani abu ne na boko.

Malam na Asawase: To me ya sa kika tambaya?

'Yar Aboabo: Don mai shirin ya ce matasa ma suna saurare. Kuma har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan kinaya.