Wai camfi ne ke hana mace shugabanci?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta ce za ta nemi kansila, gwaggonmu ta yi tsalle ta dire: wai garin da mace ta ja ragamarsa ba ya albarka, kuma matar kirki ba ta zaman taron dare da maza. Abin da ya ɗaure min kai, ba mu ne masu tutiya da Daurama da Amina ta Zazzau ba? Yaushe abin ya koma abin kunya?

Baban Sadik:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ai camfi ba fuska ɗaya gare shi ba. A Kumbwada ta jihar Neja mata ne ke sarauta, don an yi imani namijin da ya hau gadon ba ya daɗewa a duniya. A ƙasar Ashanti ta Ghana kuwa, mai haila ba ta shiga ɗakin kujerun kakanni, amma wata basarakiyarsu, Yaa Asantewaa, ita ce ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900.

Hajiya Ladi:
Maman Ilham, maganar albarka ba ta dame ni ba, taron daren nan shi ne sarƙaƙiyar. A can ake raba takara. Ki je a kira ki da sunan banza, ki ƙi zuwa a yanke babu ke. In kuma kika yi aure a wata jiha, gida su ce kin zama ta miji, dangin miji su ce ke baƙuwa ce. Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a zamanin jam'iyyar NEPU, kuma sai a 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Yau ma kujeru 109 na Majalisar Dattawa, mata ba su cika biyar ba bayan zaɓen 2023.

Ɗan Gobir:
Hajiya, da izininki, doka ma na da hannu. Ruwanda ta ware wa mata kashi 30 cikin ɗari a tsarin mulkin 2003, yanzu sun haura kashi 60 a majalisar wakilai. Mu kuwa a Maris 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudurin ƙara musu kujeru.

Maman Ilham:
Na gode. Hajiya, to in ƙanwar tawa ta nemi mijinta ya riƙa raka ta taron, kina ganin gwaggo za ta sauko?