Gam, danƙo ko mariƙi? Mu tsayar da sunan abin da ke riƙe ciko a haƙori

Jama'a, musamman likitocin haƙori da masu fassara, ga kalmar da nake so mu yi wa suna: adhesive, ruwan nan da likita ke shafawa da ɗan mitsitsin buroshi a ramin haƙori, ya haska masa shuɗiyar fitila, sannan ya ɗora farin ciko. Sunaye uku ke yawo: siminti, danƙo, gam. Ni "mariƙin ciko" nake goyon baya.

Siminti ya fita tun farko, don a aikin haƙori akwai wani abu daban mai wannan suna, wanda ake zaunar da hular haƙori da shi. Danƙo talewa yake yi, wannan kuwa da ya sha haske sai ya sandare. Gam ne ya fi daɗin faɗa, shi ne kuma ya fi damuna. Wanda ya ji gam zai zaci a sama kawai ake shafawa a danna. Ina ma tsoron wani ya ce ai gam gam ne, ya ɗauko na gyaran takalmi ya kai bakinsa idan cikonsa ya fita.

Ku dubi yadda abin yake aiki. Farin ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin 100 ma'adini ne, busasshe. Tun 1955 Michael Buonocore a Amurka ya nuna cewa idan aka lasa masa asid na fosforik, yakan yi kaushi, roba, wato abin da ake yin ruwan shafawar da farin ciko da shi, ta sami wurin kamawa. Wahalar tana ƙarƙashinsa, a dantin. Shi ma'adininsa wajen kashi 70 ne a nauyi, sauran zaren kolajin ne (wani irin furotin) da ruwa, ga dubban ƙananan kafofi a kowace murabba'in milimita, suna tsatso danshi daga can cikin haƙori. A kan jiƙaƙƙen wuri irin wannan ake so roba ta zauna shekara da shekaru! Asid na zare ma'adinin saman, kolajin ya tsaya tsirara, ruwan maganin ya ratsa tsakanin zarurrukan kamar yadda rini ke shiga zare, ya daskare a can. A 1982 Nobuo Nakabayashi na Japan ya bayyana wannan siririyar shimfiɗa, wadda rabinta haƙori ce rabinta roba. Kuma aikin na son hannu mai lura: aka cika busar da wurin da iska, zarurrukan su kwanta su toshe hanya, aka bar ruwa da yawa, maganin ya tsinke.

A ɗakin gwaje-gwaje ma riƙo ake aunawa. Ana samo haƙoran da aka cire, a yanke samansu har dantin ya fito, a shafa maganin, a gina ciko, a jiƙa a ruwa mai zafin digiri 37 na awa 24. Daga nan sai a yayyanka shi siraran sanduna, kaurin kowace kusan murabba'in milimita ɗaya, na'ura ta ja kai da gindi har ta tsinke, a rubuta ƙarfin da ma'aunin da ake kira megafaskal. Dabarar nan Hidehiko Sano da abokan aikinsa suka fito da ita a 1994. Wasu samfuran akan yi ta tsoma su tsakanin ruwa mai digiri 5 da mai 55, don a kwaikwayi sanyi da zafin da baki ke sha. Akan kuma duba a madubin ƙara girman abu (microscope) inda tsinkewar ta faru: a mahaɗa ne, a jikin ciko, ko haƙorin ne ya karye. To idan mun ce mariƙi, abin da ake aunawa ya zama "ƙarfin riƙo", gwajin kuma "gwajin riƙo". Kalmomin sun zo gida ɗaya, a kan ƙirar mabuɗi da mazubi.

Na san za a ce mariƙi ai na wuƙa ne ko na ƙofa. Gaskiya ne, amma da an haɗa shi da ciko ruɗani ya kau.

Shi dantin, ra'ayina a are shi yadda yake. "Ƙashin haƙori" zai rikice da ƙashin muƙamuƙi da haƙori ke zaune a ciki, "naman haƙori" kuwa dasashi mutane za su fahimta. Haure ya so ya dace, tunda hauren giwa galibinsa dantin ne, sai dai Bahaushe ya riga ya ba wa wani haƙori wannan suna.

Wadda ta rage ita ce shimfiɗar Nakabayashi. Ina tsakanin "saƙar dantin" da "shimfiɗar gauraye", kuma na fi karkata ga ta farko saboda zaren kolajin. Likitoci, wacce za ku iya faɗa wa ɗalibi a aji ba tare da dogon bayani ba?